Gashin Ƙeyar Doña Saturnina

Takardar ta zo ranar Litinin, a wayata. Yayana Efraín ne ya turo ta daga birnin São Paulo, can ƙasar waje, inda yake aikin ɗinki shekara goma sha ɗaya ke nan, bayan shi da matarsa sun fassara ta layi-layi. Na buga ta a kantin maganin da nake aiki, na kawo ta gida da yamma. Abubuwa goma sha huɗu asibitin can ya lissafa, waɗanda mara lafiya zai yi ko ya zo da su kafin a yi masa aiki a ƙashin baya. Jirginmu ranar Asabar zai tashi, aikin kuma ranar Laraba ta sama.

Mara lafiyar mamata ce, Doña Saturnina Callisaya, mai sayar da dankali a kasuwar unguwarmu a garin El Alto. Shekara arba'in ta yi tana goya buhu a mayafi, ta ƙulle shi a ƙirji, ta tura wuya gaba ta hau tudu. Yanzu ƙasusuwan wuyan sun zaizaye, sun matse lakar da ke ciki. Yatsunta ne suka fara mutuwa, sai dankali ya riƙa suɓuce mata a gaban mai saye, sai ƙafar hagu ta soma jan ƙasa. Likitan da muka gani a birnin La Paz, kusa da mu, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce in ba a buɗe wajen ta baya an ɗaure shi da ƙarfe ba, kafin shekara ta zagayo a kujera za mu riƙa tura ta, kuma abin da ya riga ya mutu ba ya dawowa. Wata bakwai Efraín ya yi yana zarya kafin ya samo mata wannan ranar.

Na buɗe akwatin a kan gado, ita kuma ta zauna a gefe da hularta irin ta matanmu a kai, kamar wadda ta zo sauraron shari'a. Na fara karantawa.

"Rigunan barci masu maɓalli a gaba. Takalmi mara igiya, wanda ba ya santsi. Tsinken shan ruwa mai lanƙwasa, don ba za ki iya ɗaga kai ki kurɓa ba. Hotunan ƙashi duka, har da tsofaffin. Maganin ciwon jikin nan da kike sha kamar gyaɗa, daga yau kin daina. Babu zobe, babu 'yan kunne."

"Haƙorina na zinare fa? Shi ma in cire in ba ki ajiya?"

"Wando mai roba, guda biyu."

"Ni Saturnina, wando. Sai dai a sa wa gawata."

"To, siket mara nauyi. Waɗannan naki masu ninki biyar ba za ki iya ɗaura su ba in an sa miki abin tallafe wuya, Mamita."

"Ganyen kokar da nake taunawa fa?"

"A filin jirgi za su kama ki."

"A kan ganye? Lallai mutanen can ba su da aikin yi."

Haka muka yi ta ja har na kai ƙarshe, na ninke takardar. Sai ta miƙo hannu. Mama ba ta iya karatu ba, amma kallo ɗaya take yi wa tarin dankali ta faɗi ko guda nawa ne. Ta shimfiɗa takardar a cinya, ta bi layukan da ɗan yatsan da ba ya ji, ɗaya bayan ɗaya.

"Sha huɗu ne a nan, Nélida. Sha uku kika karanta."

Na ce ɗayan ba wani abu ba ne. Ta ce to ai abin da ba wani abu ba ne bai fi ƙarfin karantawa ba. Ba yadda na iya, na karanta mata: a ɗakin aiki za a aske gashin ƙeya, daga wuya zuwa sama, kamar faɗin tafin hannu.

Ta sa gwiwar hannu ta tura murfin akwatin ya rufe.

"Ki kira yayanki, ki ce ya ba wani ranar."

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na tashi na yi ta sababi, na ce mata gashi ne fa, gashi, abin da ke tsirowa ko a kan mahaukaci. Na ce na saman zai rufe wajen. Na ce ƙafafunta take son ta sayar ta sayi kitso. Daga ƙarshe na faɗi abin da na san zai sosa mata, don tun ina shekara goma sha tara na yanke gashina zuwa kafaɗa, ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata ba.

"Ni na yanke nawa, ga ni nan ban mutu ba."

"Ke kika yanke naki," in ji ta. "Ni yanke min za a yi."

Ranar Talata ta tashi kamar ba a yi ba. Na yi mata kitso kamar kullum, don shekara guda ke nan hannuwanta ba sa iyawa: jela biyu masu kauri, furfura ta cinye rabinsu, suna sauka har ƙugu, na ɗaure bakinsu da tuntayen gashin alfaka, dabbar tsaunukanmu mai kama da ƙaramin raƙumi. Ina tufkawa ina kallon ƙeyar, ina jin haushi. Duk kaurin kitson nan daga can ƙasan yake fitowa, wannan kam gaskiya ce. Ta tafi kasuwa tana jan ƙafa. Da rana Efraín ya kira, ya roƙe ta, ya yi faɗa, ya sake roƙo. Ta yi kunnen uwar shegu da shi, ta tambaye shi ko yana cin abinci.

Na ce a raina, ba a fafe gora ranar tafiya, ko ta yarda ko ba ta yarda ba ni zan ci gaba da shiri. Ranar Laraba da hantsi na ɗauki hutun rabin yini, na haɗa katin shaidarta da takardun gwajin jini a jaka guda, na shiga neman tsofaffin hotunan ƙashi. Ta ce suna cikin adakarta ta katako, wadda tun muna yara ba a ba mu izinin buɗewa ba. Hotunan suna nan, ƙarƙashin mayafan biki. A ƙarƙashinsu kuma akwai wani ƙunshi a farin ƙyalle da ya koma ruwan ƙasa, yana ƙamshin busasshen ganye. Na kwance. Jelar kitso ce guda ɗaya, baƙa wuluk, tsawon hannuna, an datse ta daga sama a karkace.

Ban ji shigowar Mama daga kasuwa ba. Ashe ta dawo ɗaukar abin da ta manta.

"Mayar da shi yadda kika same shi."

"Na waye?"

Ta ƙaraso ciki ta zauna a bakin gado, ta ba ni labarin tana kallon bango, da muryar da take faɗin farashin dankali.

Na kakata ne, Eleuteria, wadda ban taɓa sani ba sai a suna. Mama tana shekara takwas, a ƙauyensu da ke bakin tafki, tunkiyar wani mai faɗa-a-ji ta ɓace. Wani ya ce ya ga Eleuteria a kusa da garken. Ba ta da miji a lokacin, ba ta da mai tsaya mata. Ranar kasuwa aka fito da ita dandali, aka durƙusar da ita, wani mutum ya riƙe mata kai ta baya, wani ya datse kitson da almakashin sausayar tumaki. A wajenmu haka ake yi wa ɓarauniya da mai cin amanar aure, don duk wanda ya gan ta daga baya ya san ko ita wace ce. Jela ɗaya suka rataye a ƙofar ɗakin taro. Ɗayar ta faɗi ƙasa, Mama ta ɗauke ta cusa a riga.

"Bayan kwana tara tunkiyar ta dawo da ƙafarta," in ji Mama. "Da ɗa a bayanta. Haihuwa ta je yi a kwazazzabo."

"Suka ba ta haƙuri?"

"Wa? Gashin ya tsiro, amma ba ta ƙara shiga kasuwa ba. Ni nake zuwa in sayar, in sayo. Shekara huɗu ta yi a tsakar gida da ƙyalle a kai, ta rasu." Ta juyo ta dube ni. "Takardarki ta ce kife ni za su yi, su riƙe min kai, baƙon namiji ya tsaya ta bayana. Ko ba haka ba?"

Haka ne. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, na tuna maganar mahaukaci da na yi mata. Na naɗe jelar a ƙyallenta na mayar. Amma kunyata ba ta sauya komai ba: saura kwana uku, akwati na nan a rufe, kuma da daddare cokali ya faɗi daga hannunta sau biyu.

Ranar Alhamis na je wajen Doña Basilia, mai sayar da cuku a rumfar da ke kallon ta Mama. Ita ce madrina tawa, wato uwar askina, wadda ta fara sa min almakashi a kai ranar askina na fari, ina 'yar shekara biyu. Tun daga ranar ita da Mama suke kiran juna komadre, wato matan da 'ya ta haɗa su zumunci, kuma tun daga ranar ba su taɓa yini guda ba su yi cacar baki ba. Ban gaya mata maganar adaka ba, don ba tawa ba ce. Na dai ce Mama ta fasa tafiya saboda gashi. Ta goge hannu a gaban riga, ta tsallaka layin, ni ina biye.

"Komadre, an ce kin fi son a riƙa tura ki a kujera da kitsonki yana jan ƙasa. Ki faɗa min da wuri in fara motsa jiki, don ba ƙaramin nauyi gare ki ba."

"Wa ya ce ke za ki tura ni? Ki gangara da ni kwari?"

"Ni dai abin da na sani, na yanke gashin 'yarki a gaban mutum arba'in. Kin gasa min naman tunkiya, kin sumbaci hannuna. Ban ji wanda ya ce abin kunya ne ba."

"Wannan daban. Gayyatar mutane aka yi."

"To gayyaci mutane mana."

Mama ta juya ta auna wa wata mata dankali, ta ƙara mata gyara fiye da yadda ta saba. Da matar ta tafi, ta ce da ni ba tare da ta dube ni ba:

"Tambayi yayanki, in an je musu da shi a yanke, za su karɓa?"

Kafin la'asar Efraín ya samo amsa daga ma'aikaciyar jinya. Almakashi ba laifi, reza ce ba a so, kada a ji wa fatar ciwo ko kaɗan. A bar gashin kamar tsawon gaɓar yatsa, su za su ƙarasa da injin aski. Na gaya wa Mama ina ɗar-ɗar, don har yanzu baƙo zai taɓa mata kai.

"Wannan shara ce," ta ce. "Wanda ya zo bayan an gama girbi, kala yake yi."

Ranar Juma'a da yamma, bayan an tashi kasuwa, mata suka cika tsakar gidanmu. Na ƙirga goma sha tara. Askin fari ga yara ake yi, kowa ya sani, kuma wasu sun zo ne don su ga yadda za a yi wa mai shekara sittin da uku. An shimfiɗa mayafinta mafi kyau a ƙasa. Mama ta zauna a kujera a tsakiya, ta sa siket ɗin biki da 'yan kunnen zinare, ta cire hula ta ɗora a cinya. Na kwance kitson, na tsaga daga kunne zuwa kunne ta baya, na naɗe na saman na soke, na rarraba na ƙasan ƙanana-ƙanana, kowanne na ɗaure shi da jan zare kamar yadda ake yi wa yara.

Doña Basilia ta ɗauki almakashin daga faranti, tana gyara tsayuwa. Mama ta ɗaga hannu.

"Ba ke ba, komadre. Kin yi naki. Ba wa Nélida."

"Au, haka za a yi min? Ni na kawo shawarar."

"Wanda ya fara yankawa shi ke ɗaukar nauyin mai kan har abada. Ke ko kanki ba ki iya ɗauka ba."

Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba. Na karɓi almakashin, na tsaya a bayanta, a daidai inda wancan mutumin ya tsaya wa kakata. Na sunkuya na ce mata a kunne, "Mamita, ni ce." Ta ce, "Na sani. Yanka." Na yanka. Ƙarar ba ta fi ta yanke zaren ɗinki ba. Na ajiye gashin a kan mayafi, sai a lokacin na ga ina kuka, ita kuwa ko gezau.

Al'ada ce duk wanda ya yanka ya ajiye kyauta a gefen gashin. Ban san Doña Basilia ta zagaya rumfuna da takardata ba sai da na ga abin da ake ajiyewa. Ita ta yanka na biyu, ta ajiye rigunan barci biyu masu maɓalli a gaba. Mai sayar da takalma ta ajiye silifa mai roba a ƙasa. Wata ta kawo tsinken shan ruwa har dozin, wata siket mara nauyi, wata ƙaramin matashi, wata madubin hannu. Wata tsohuwa da ba ta ji bayanin ba ta dire rabin buhun busasshen dankali, ta ce an ce abincin asibiti ba ya riƙe ciki. Kowacce in ta yanka sai ta zagayo gaba, ta rungume Mama, ta ce Allah ya sa a yi a sa'a. Kafin rana ta faɗi layukan takardar sun cika a kan mayafi, ban sayi ko tsinke ba.

Da aka watse na sake tufke mata abin da ya rage. Ba zan yi ƙarya ba, kitson ya rame. Jelar da a da take cika hannu ta koma kamar igiyar shanya. Mama ta jawo ɗaya gaba, ta murza ta a tafin hannu, don yatsun ba sa gaya mata komai. Ta daɗe tana kallo, ta mayar da ita baya, ta ce in buɗe akwati. Muka shirya kaya tsaf: takardu a sama, hotunan ƙashi a kwance a murfi, rigunan a naɗe. Gashin da aka yanke ta ƙunshe shi da kanta ta sa a adaka. Dankalin muka bar wa maƙwabta.

Ranar Asabar da sassafe na ɗauko mataji, ta zauna a kujerar da ta saba. Motar da za ta kai mu filin jirgi za ta zo ƙofar gida ƙarfe takwas. Ina fara tajewa ta ɗora min farin ƙunshin nan a hannu.

"Raba shi biyu. Ki tufka da nawa."

"Mamita, baƙi ne. Naki fari. Za a gani."

"Ido gare su, su gani. Ki kira mai motar nan kuma, ki ce ya jira mu a ɗaya bakin kasuwa."

Na kwance jelar a hankali. Shekara hamsin da biyar tana naɗe, ta bushe, ta riƙe lanƙwasar kitsonta na farko, amma ba ta karye ba. Na shafa mata mai, na raba, na soma tufkawa daga bayan kunne. Baƙi da fari suka riƙa hawa juna har ƙugu. Kaurin ya dawo kamar da. Na ɗaure tuntayen, na ɗora mata hula.

Daga gidanmu zuwa ɗaya bakin kasuwa tafiyar minti biyar ce ga mai lafiya. Mun yi kusan rabin awa. Ina jan akwati da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe mata gwiwar hannu, ƙafar hagu tana sharar ƙasa. Ba ta bi gefe ba, tsakiyar layi ta bi, ta wajen masu nama, ta wajen masu cuku, ta gaban rumfarta da aka lulluɓe da tamfol. Ana ta yi mata sallama, tana amsawa da kai ɗaya-ɗaya. Na lura duk wanda muka wuce sai ya bi bayanta da kallo.

A gaban rumfar cuku Doña Basilia ta tare mu. Ta zagaya bayan Mama, ta ɗaga jela ɗaya, ta juya ta a hannu.

"Komadre, jiya na bar ki da wutsiyar ɓera. Wannan baƙin gashin kuma na wace yarinya kika sayo?"

"Ba saya na yi ba," in ji Mama, da ƙarfi yadda rumfa uku za su ji. "Na uwata ne, Eleuteria Tarqui. Ta daɗe ba ta shigo kasuwa ba."

Doña Basilia ta dube ni, ta dubi gashin. Ba ta san labarin ba, amma ita ma 'yar ƙauye ce. Ta sauke jelar a bayan Mama a hankali, ta daidaita ta da 'yar'uwarta, ta cire hularta.

"Barka da zuwa, Doña Eleuteria," ta ce.

Mai mota yana ta danna mana oda daga bakin titi. Mama ta gyara riƙon hannuna, muka ƙarasa layin har ƙarshe.